Kafin Totuwa Ta Cinye

Akwai wata totuwar masara a kan teburina a aji huɗu. Ta bushe ƙayau, ta yi duhu saboda yawan taɓawa. Duk ɗalibar da aka turo mini koyon aikin koyarwa, ranar farko sai ta ɗauke ta za ta jefa a kwandon shara, sai yara su yi mata caa: "Anti, ajiye, ta Malama ce!" In an tambaye ni amfaninta nakan ce kayan aiki ce kamar alli, a yi dariya a wuce. Cikakken bayanin yana da tsawo, kuma babu inda na fito da kyau a cikinsa, shi ya sa ban cika bayarwa ba. Yau dai zan bayar.

A Ƙofar Dumi na tashi, can cikin lungu, inda mai babur sai ya sauke ƙafa yake iya shan kwana. Kakarmu, mahaifiyar babanmu, Dada muke ce mata. Doguwa ce, siririya, ga tsokana kamar ba tsohuwa ba. Duk jikanta sai da ta laƙaba masa suna. Ni sunana Bilki, amma a bakin Dada ni ce Rediyo, wai tun da aka kunna ni ranar suna ba a sami wurin kashewa ba.

Ƙanin babanmu, Baffa Sale, manomi ne a ƙauyen Zungur. Duk kaka yakan kawo mana buhunan masara a jikin totuwarta, kuma mu yara aka bar wa aikin murjewa. Da an idar da magariba an ci tuwo, Dada za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta kowa da kwanonsa, ƙwaya a kwano, totuwa a gefe. Aikin yana sa babban yatsa ya yi kanta, amma ba mai gudu, domin ladan aikin tatsuniya ce. Tana da nata salon buɗewa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta zo kusa da ni!" Har yau in na ji ƙamshin totuwa a wuta, sai in ji kamar an kira ni.

Tatsuniyoyin Dada ba sa ƙarewa da an kashe mugu an huta. Da tambaya suke ƙarewa. Wa ya fi gaskiya, wa ya fi wauta, wa ya kamata a ba. Kuma tana da doka guda da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Da ta yi tambayar, sai ta zaɓi totuwa ɗaya ta jefa a wuta ta ce, "Ba mai buɗe baki sai ta cinye." Sai mu zuba wa totuwar ido. Ta fara hayaƙi, ta kama, ta yi ja, sannan ta zube ta zama toka. Bai fi 'yan mintoci ba, amma a wurina azaba ce. Amsa tana bakina tun kafin a gama tambaya, ina ta mutsu-mutsu, Dada tana kallona ta gefen ido tana murmushi. In totuwa ta cinye kuma, ba da ni take farawa ba. Sai ta nuna wani da tsinken gyaran wuta, ni sai a ƙarshe.

A makaranta kuwa duniyata ce. Can ba a jiran komai. Malam na rufe baki nake ɗaga hannu ina kaɗa yatsu, "Malam ni! Malam ni!" Ni ce ta ɗaya kowane zango, kuma na tabbatar duk lungunmu an sani.

Hanne 'yar Baffa Sale ce, sa'ata. An kawo ta wurin Dada tana shekara bakwai don ta yi boko a birni. Ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. A aji in Malam ya kira ta, za ta miƙe tsaye, leɓɓanta su fara motsi, kafin maganar ta fito ya ce "Zauna," ya juyo wurina. Haka kullum. Amma a bakin wutar Dada wata Hanne ce daban. In totuwa ta cinye aka nuna ta, sai ta yi magana a hankali, ta faɗi abin da duk cikinmu ba wanda ya lura da shi. Akwai ranar da muka yi ta musu a kan wanda ya fi laifi tsakanin kura da kare a ɓatan wata akuya, Hanne ta ce ita dai tana so ta san wanda ya bar garken a buɗe. Dada ta yi dariya har da tari.

Muna aji huɗu, ƙarshen zangon farko ya zo daidai da zuwan Baffa da masara. Aka ba mu takardun sakamako. Baffa bai yi boko ba, babanmu kuma yana kasuwa, don haka ni aka miƙa wa takardar Hanne in karanta. Na tsaya a tsakar gida na karanta da ƙarfi, har da gyaran murya. A ƙasa Malam ya rubuta cewa ba ta amsa tambaya, ba ta fahimta. Na fassara wa Baffa dalla-dalla, ban rage ko harafi ba.

Baffa ya ce, "To zaman me take yi? Shekara huɗu ke nan. Uwarta na can ita kaɗai da aiki. Ta haɗa kayanta, gobe mu koma."

Dada tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sale, yau ka zauna bakin wuta ka ji da kunnenka. In ya so gobe ka yanke abin da za ka yanke."

"Haba Dada, ni da gemuna zan zauna jin tatsuniya?"

"Gemun nan a gabana ya fito. Za ka zauna."

Duk muna wurin aka yi wannan magana. Ina so in faɗi wannan a fili, domin na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban gane ba. Na gane sarai. Na san daren nan na Hanne ne, na san karatunta ne a kan faifai.

Bayan magariba Baffa ya jawo turmi ya kifa ya zauna, yana 'yar dariyar kunya. Dada ta kira baƙuwarta, muka ba ta wuri, ta fara.

Wai an yi wani manomi mai mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu. Shekara ta zo da fari, rumbu ya ƙare tun kafin rani ya raba. Sai ya ce zai tafi nema a wata ƙasa. Abin da ya rage a gidan damin masara biyu ne na iri. Ya ba babban ɗa ɗaya, ya ba ƙaramin ɗaya, ya ce kowa ya riƙe amana, ya kama hanya. Bayan tafiyarsa yunwa ta tsananta, uwar ta kwanta ciwo. Saboda sanyin da take ji, sai ta mai da shimfiɗarta madafi, kusa da murhu. Babban ɗa ya dubi uwarsa ya ga tana ƙarewa, ya kwance daminsa, kullum ya daka kaɗan ya dama mata kunu, har damin ya ƙare. Shi kuwa ƙaramin, tun ranar da uban ya tafi ya faki ido ya rataye nasa a rufin madafi, inda hayaƙi ke bugawa. Da wan ya ce ya kawo nasa, sai ya ce ɓeraye sun cinye. Aka ci ganye, aka ci saiwa, aka rame, amma ba a mutu ba. Da ruwan farko ya sauka, ƙaramin ya sauko da daminsa, suka shuka, gona ta yi kyau. Ana cikin girbi sai ga uban ya dawo, bai samo komai ba sai bargo guda ɗaya. Aka ba shi labari duka.

Dada ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, bargo ɗaya ne, ba a raba shi. Wa za a ba? Na sauke ta nan, sai mai ɗauka." Ta zaɓi totuwa mai kauri ta jefa a wuta.

Da rana, bayan na gama karanta takarda, Baffa ya dafa kaina ya ce wannan ita ce 'yar boko. Daɗin maganar bai sake ni ba, ƙari nake so. Totuwa ta fara hayaƙi. Na dubi Baffa, na ga yana duban Hanne. Ko kamawa totuwar ba ta gama yi ba na ji muryata ta fita.

"Ƙaramin za a ba! Da bai ɓoye irin ba, da duk gidan sun mutu baɗi!"

Baffa ya buga cinya. "Wallahi haka ne! Iri ba a taɓa shi ko ana mutuwa. Kai, yarinyar nan!" Sai ya juya wurin 'yarsa. "Ke fa? Me kika ce?"

Hanne ta dubi wuta, ta dubi Dada. Leɓɓanta suka motsa.

Dada ta ce, "Sale, ba ta cinye ba."

Baffa ya jira kamar numfashi biyu, sannan ya girgiza kai. "Kin gani ko, Dada? Ko a nan ɗin ma." Daidai nan aka kira isha'i. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita masallaci. Muka zuba wa totuwar ido har ta yi ja ta zube. Dada ta nuna Hanne da tsinkenta, ta kira sunanta a hankali, amma Hanne ta riga ta kifa kai a gwiwa, ba ta ɗago ba.

Na zaci duka zan sha. Dada ba ta taɓa ni ba. Ta dube ni ta ce, "Bilki, kin ci naki, kin ci nata." Ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba sai ranar. Ta tura toka ta rufe wutar, ta shige ɗaki.

Ta sake yi wa Baffa magana da asuba, na ji su, amma ya ce ai ya zauna kamar yadda ta ce, kuma ya ji da kunnensa. Da hantsi Hanne ta hau bayan a-kori-kura ta zauna a kan buhunan da aka zazzage. Ta bar kayan makarantarta a ninke a kan tabarmarmu. Da nawa suka tsufa, su aka ba ni na sa.

Bayan kwana biyu na lallaɓa na tambayi Dada ko amsata daidai ce. Ta ce, "Amsar tana Zungur." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake yin wannan tatsuniyar ba har ta rasu, ina kwaleji a lokacin.

Na zama malama, kuma kowa ya ce na dace da aikin, tun da baki ya samu abin yi. Shekara goma sha wani abu ina koyarwa yadda aka koyar da ni. In yi tambaya, hannuwa biyar ko shida su tashi a bencin gaba, in zaɓi ɗaya, a tafa masa, mu wuce. Aji cike maƙil, manhaja tana kora ta, wa yake da lokacin tsayawa? In mai duba makarantu ya zo, ya ga aji yana ta "Malama ni!", ya rubuta cewa darasi ya yi armashi. Alhali da yara shida nake darasin, sauran 'yan kallo ne. Kuma da hannuna, da jan biro, na rubuta wa yara da yawa abin da aka rubuta wa Hanne. Ba na jin komai lokacin da nake rubutawa.

Ni da Hanne ba mu rabu ba. Ta yi aure a can Zungur, ta hayayyafa, tana noma da kiwon awaki, duk kaka tana aiko mini da masara. Mukan haɗu a biki da ta'aziyya, mu yi hira, mu yi dariya. Maganar daren nan ce kawai ba mu taɓa ɗagawa ba.

Shekara huɗu da suka wuce na je sunan jikarta ta fari. Da la'asar jama'a sun ragu, na shiga madafi in taya ta kwashe tuwo. Hayaƙi ya cika mini ido, na ɗaga kai, sai ɗankwalina ya gogi wani abu. Damman masara ne a rataye, sun yi baƙi da hayaƙi, dab da kaina.

Na ce, "Wannan fa, me ya sa kuka bar ta nan tana baƙi?"

Ta yi dariya. "'Yar birni ke nan. Iri ne. Hayaƙi ke hana ƙwari shiga."

Na tsaya da mara a hannu. Rufin gajere ne, ko a zaune mutum ya miƙa hannu da muciya zai taɓo masarar. Nan take tatsuniyar Dada ta faɗo mini. Na ce, "Hanne, bargon nan. Wa za a ba?"

Ba ta tambaye ni wane bargo ba. Ta ci gaba da tuƙi, ta yayyafa gari, ta sake tuƙawa. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in ce wani abu, in ce ko ta manta, in ce ta bar shi kawai. Karon farko a rayuwata na danne.

Can ta ce, "Uwar za a ba. A madafi take kwance, Bilki. Mai kwance a rigingine ina yake kallo in ba rufi ba? Kullum tana ganin damin nan a saman kanta, ga yunwa, ga ciwo. Ta ji ƙaramin ya ce ɓeraye sun cinye, ta san ƙarya ne, ta yi shiru. Da ta ce uffan, da babban ya sauko da shi ya dama mata. Babban ya ba da nasa, ƙaramin ya ɓoye nasa, amma ita ce ta ji yunwar tana kallon abinci. Kuma ita ke jin sanyi."

Na ce, "Yaushe kika gano?"

"Tun da Dada ta ce rufin madafi."

"To me ya hana ki faɗa da Baffa ya tambaye ki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Totuwa ba ta cinye ba mana. Kuma ina ta jera maganar a cikina, don in faɗa wa Baba ita daidai, kar in yi in-ina a gabansa."

Hawayen da suka zubo mini ba na hayaƙi ba ne, kuma ta sani. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Wai, Bilki, ai yarinta ce. Allah bai yi ba. Miƙo kwanon nan tuwo zai huce." Na miƙa. Ta kwashe malmala biyu, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma fa ina son karatun nan."

Da zan fito na sunkuya a tarin makamashinta na ɗauki totuwa ɗaya na sa a jaka. Ta ce in dai tsarabar da zan kai birni ke nan, in ɗebi buhu.

Ba a hura wuta a aji, don haka na nemi dabara. In na yi tambaya mai nauyi, sai in ɗauki totuwar in riƙe, in taka a hankali daga allo har bangon baya, in taɓa bangon, in dawo in ajiye ta a tebur. Muddin tana hannuna, ba mai ɗaga hannu, ba mai magana. In na ajiye, ni nake zaɓa, kuma ba da bencin gaba nake farawa ba. Makon farko shugaban makaranta ya leƙo ta taga, wai ya ji ajin shiru ya zaci ba malami. Ba zan ce kowa ya zama gwani ba. Akwai waɗanda ko zuwa Zungur na yi a ƙafa na dawo ba za su ce komai ba, su ma ina nan ina neman hanyarsu. Amma muryoyin da na ji a shekara huɗun nan sun fi waɗanda na ji a duk shekarun baya. Na kuma daina rubuta wa yaro cewa ba ya fahimta. Abin da na sani kawai shi ne bai amsa mini ba a cikin lokacin da na ba shi, kuma lokacin ni na yanke shi.

Na daɗe ina zaton Dada tana sa mu jira ne don ta horar da ni, ta koya mini haƙuri. Sai da na girma na gane ba don ni take yi ba sam. Wuri take share wa Hanne. Ta zaɓi tatsuniyar da 'yar ƙauye kaɗai za ta iya warwarewa, ta zaɓi totuwa mai kauri, ta zaunar da ɗanta a kan turmi. Ta shirya darasinta tsaf, fiye da duk wanda na taɓa rubutawa a littafin shiri. Abin da aka nema daga gare ni kawai in riƙe bakina na 'yan mintoci, ban iya ba, kuma 'yar'uwata ce ta biya.

Kowace shekara ina samun Rediyo a ajina, a bencin gaba, tana mutsu-mutsu kamar an zuba mata ƙaiƙayi. Ba na jin haushinta, na san abin da take ji. In zan wuce nakan dafa kafaɗarta in ce, "Riƙe taki, ba za ta gudu ba." Sai in ci gaba da tafiya. In na kai bangon baya na juyo, sau da yawa nakan hangi wata yarinya a bencin ƙarshe, idonta a ƙasa, leɓɓanta suna motsi. Sai in ƙara rage tafiya.